Na tura ɗan mai kalangu gwajin waƙa

Da Allah zai ba ni ikon goge abu guda cikin duk abin da hannuna ya rubuta, da sunan wani yaro zan goge daga wata takarda. A shekarun saba'in, bayan babban farin nan da ya cinye shanun mutane, ni ne mushe, wato malamin boko, a wata ƙaramar lakwal, makarantar firamare ta ƙauye cikin ƙasar Waca. Karatuna bai yi zurfi ba, sartifika gare ni da ɗan horo na watanni, kuma ba a riga an tabbatar da ni a aiki ba. Shi ya sa duk takardar da ta fito daga ofishin ensifekta, mai duba makarantu, a Magarya, bin ta nake ba musu.

Wata rana takarda ta zo cewa akwai makarantar kwana a birni da za ta ɗauki yara kaɗan ajin sizyam, ajin farko na sakandare, su yi karatu tare da koyon kiɗa da waƙa, amma sai an gwada kunnen yaro da muryarsa a Damagaram. Kowace lakwal ta aiko da yaro ɗaya daga ajin ƙarshe. An kuma faɗa a fili cewa gwajin ya faɗo mako ɗaya da jarrabawar shiga kwaleji, wanda ya tafi wancan ba zai zauna wannan ba. Mai murya a ajina kowa ya san shi, ɗan limamin gari ne, shi ke ba da waƙa sauran su amsa. To amma wa zai je ya ce wa liman za a mai da ɗansa mawaƙi? A wurinmu kiɗa da waƙa sana'ar gado ce, ta maroƙa. Na tabbata in na furta, ba zan ƙara mako a garin ba. Kuma ban da ƙarfin halin rubuta wa ensifekta cewa ban samu kowa ba.

Sai idona ya faɗa kan ɗan mai kalangun mahauta. Yaron nan shi ne na ɗaya a lissafi, kafin in gama rubutu a allo ya ɗaga hannu. Shekarunsa sun kai iyaka, in bai shiga kwaleji a shekarar ba, shi ke nan. Murya kuwa babu ko kaɗan. Ni da kaina nake mai da shi layin baya lokacin waƙa, in ce ya motsa leɓe kawai, don in ya buɗe baki sai ya karkatar da ajin duka, yara su yi ta tsokanarsa wai ya kori kajin maƙwabta. Duk na san wannan, amma na rubuta sunansa. Na ce a raina ɗan makaɗi ne, ba wanda zai tayar mini da hankali a kansa.

Da ya ji labari, bayan an tashi ya zo ya durƙusa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ai mushe ma ya san ba ya iya waƙa, don Allah a bar shi ya zauna jarrabawa da ƴan ajinsu. Na ce masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kunya ce kawai ke damunsa, in ya je can bakinsa zai buɗe. Washegari ubansa ya zo, ba kalangu a hammata, abin da ban taɓa gani ba. Ya fara da wasa ni kamar yadda ya saba, mai alli maganin duhu, sannan ya zauna ƙasa. Ya tuna mini cewa ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, mutane cikin rumbu suke ɓoye nasu, shi kuwa da hannunsa ya kawo nasa, don a samu mutum ɗaya a gidansa da zai ci abinci ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba. Ya ce in kiɗa ne, kalangu uku gare shi a rataye, ba sai an wahalar da yaro zuwa Damagaram ba. Na ce masa umarnin gwamnati ne, kuma sunan ya riga ya tafi. Ƙarya na yi. Takardar tana cikin aljihun rigata a lokacin, sai ran kasuwa na ba da ita.

Ni na raka shi, amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota. Ɗakin gwajin akwai wani malami zaune gaban akwatin kiɗa mai maɓallai. Yaro zai juya baya, a danna, shi kuma ya maimaita sautin da bakinsa. Da aka zo tafi, aka tafa masa ya maimaita, ya yi daidai. Da aka zo murya, sau uku ana dannawa, sau uku yana fitar da abu ɗaya. Yaran da ke jira a taga suka fashe da dariya. Yana tsaye hannu a baya, hawaye na zuba, bai share ba. Malamin ya kira ni ya tambaya ko na taɓa sauraron yaron nan kafin in kawo shi. Na ce ubansa makaɗi ne. Ya dube ni ya ce to ai da uban na kawo. Da muka komo muka sauka daga mota, yaron ne ma ya ɗaukar mini jaka.

Mun iske an gama jarrabawa. Cikin waɗanda suka ci har da yara biyu da shi ke koya musu rabawa a gindin bishiya. Akwai sauran hanya ɗaya, in je gaban ensifekta in ce laifina ne, a ƙara masa shekara guda a aji. Sau biyu ina zuwa Magarya da niyyar haka, in tsaya a ƙofar ofis in juya, don a watannin ake duba maganar tabbatar da ni. An tabbatar da ni kuwa. Yaron ya koma gona, da rani ya bi ubansa kasuwa.

Uban bai taɓa tayar mini da maganar ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Duk ran kasuwar Sassumbrum in ya hango ni, sai ya juya kalangu ya buga takena kamar da, ɗan yana bayansa riƙe da buta da tabarma, ya rusuna ya gaishe ni. Har na daina zuwa kasuwar, daga baya na nemi a canza mini gari. Da na yi shekaru na koma neman gafara, uban ya rasu, ɗan kuma an ce ya tsallaka Najeriya ba a san garin ba.

Na daɗe ina ce wa kaina rabo ne. Rabo gaskiya ne, amma ba rabo ya riƙe alƙalamin ba. Ban zalunce shi don ƙiyayya ba, na zaɓe shi ne don na san gidansu ba mai iya ja da ni, kuma na ga zaluncin da ya fi sauƙin yi ke nan. Malamai da iyaye masu karanta wannan, ina roƙonku, in an ba ku takarda ku cike a kan ɗan wani, kada ku dubi sana'ar ubansa, kada ku dubi wanda zai yi shiru. Ku kira yaron, ku saurare shi. In ya ce muku ba zai iya ba, ku yarda da shi tun yana gabanku, kada ku yi irin tawa.