Giginyar da Baba Ya Shuka wa Yaya

Muna da wata 'yar gona a fadama, bayan Ƙofar Ran, wadda ruwa yake kwanciya a cikinta duk damina har ya kawo mini gwiwa. Shekarar da aka samu 'yancin kai mu biyu muka rage a gida, ni da Baba. Inna ta rasu, yayana kuma ya bi masu aikin layin dogo ya tafi, ko sallahu ba ya aikowa. Gari na ta kiɗa ana raba tuta, mu kuwa muna gida muna cin tuwonmu mu kaɗai. Wallahi kaɗaici ya ci ni a shekarar nan.

Baba ya ƙudura sai ya sa itace a gonar, wai mutum yakan dawo inda yake da itace. Muka sa gwanda, ruwa ya ruɓar da saiwarta. Muka sa lemo, ganyen ya yi ɗorawa ya zube. Na ce, "Baba, mu sa ayaba a kan tudun can mana, baɗi war haka muna ci." Ya ce ayaba ta masu gaggawa ce. Na kawo ɗinya, na kawo kanya, tunda duk suna son bakin rafi. Ko kallona bai yi ba.

Ran nan sai ga shi da ƙwallayen giginya cikin kwando. Ita dai kwanciyar ruwa ba ta dame ta ba, amma haba! Yaron da aka haifa ranar shukarta sai ya yi gemu kafin ya ga 'ya'yanta. Ni na haƙa ramukan, laka har kunne, sauro na cizo. Baba na binnewa yana cewa, "Wannan ta yayanka ce. Wannan ma. In ya dawo ya tarar da abinsa."

Da ya binne ta ƙarshe na kasa daurewa. "Baba, ni fa? Wacce ce tawa?"

Ya ɗago, da mamakinsa na gaske, ba da mugunta ba. "Kai ai kana nan."

Hausawa na cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Na tsaya a gindinta tun ba ta tsiro ba. Yaya bai dawo ba har muka binne Baba, kuma har yau in na je gonar, a rana nake tsayawa.