Jabir Tela Ya Shayar Da Estanal Man Keke

Jabir tela taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin tona masa asiri, kuma yau zan more izinin. Shagonsa yana Anguwan Rogo, daidai kwanar da masu Keke Napep ke juyawa. Ya fi shekara talatin yana ɗinki, kuma a duk tsawon shekarun nan magani ɗaya ya yarda da shi a duniya, wato man keken ɗinki. Ƙofa ta yi ƙara, man keke. Zif ya cije, man keke. Matarsa Suwaiba ta taɓa rantse mini cewa in ta yi tari a gabansa sai ta ga yana waiwayen 'yar butar man.

Mahaifinsa, Kawu Mahdi, gwanin surfani ne tun zamanin da haƙar kuza ke tashe. Kafin ya rasu ya cika littattafai uku da zanen wuyan riga, kowanne da sunan da ya raɗa masa: Tafkin Bukuru, Layin Dogo, Wuyan Helima. Da Jabir ya sayi injin surfani na kwamfuta, sai ya sa aka ɗauki hoton kowane shafi aka zuba masa a estanal, wato ɗan baƙin akwatin ajiyar nan mai girman tafin hannu da ake jona wa kwamfuta. Allah ya so shi, don a daminar da ta biyo baya rufin shagon ya yi yoyo, littattafan suka zama kunu. Daga ranar, duk abin da ya saura na aikin Kawu yana cikin akwatin nan, kwafi ɗaya tal.

Wata Talata yana tsakar aiki da estanal aka ɗauke wuta. Da ta dawo ya sake jona estanal, 'yar fitilarsa ta kama, amma kwamfuta ta yi kamar ba ta taɓa saninsa ba. Ya zare ya mayar, ya canza kafa, ya hura masa iska. Shiru. Sai ya dubi bakin da waya ke shiga, ya ga alamar bushewa, ya ɗiga masa mai sau uku, ya kuma jijjiga shi don man ya ratsa. Fitilar ma ta mutu.

Ni ya kira, don ni ce mai aikin ofis a dangi. Na same shi zaune a kan benci ya rafka tagumi, estanal na naɗe cikin ƙyallen shadda yana maiƙo kamar ƙosai. Na so in yi dariya, amma da na ga idonsa sai ta maƙale. Ya ce, "Taubashiya, na kashe aikin Baba da hannuna." Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Na kai shi wajen Bernadette, wata mai gyaran kwamfuta a kasuwar Taminus, wadda ta taɓa ceto mana takardun ofis. Ta karɓi estanal, ta shinshina, ta dubi Jabir ta saman tabarau.

"Oga, wane ne ya ba shi mai?"

"Ɗan kaɗan ne fa," in ji Jabir.

"Ɗan kaɗan? Wannan ya sha ya ƙoshi, har zai iya soya doya."

Ta ɓalle murfin robar ta nuna mana. Ashe faifan kansa a rufe yake ruf cikin ƙarfe, man bai kai gare shi ba. Wani ɗan allon lantarki ne a baki, mai haɗa faifan da waya, ya yi wanka. Ta cire allon ta ajiye gefe, ta goge bakin faifan da sifirit, ta ɗora shi a kan wata na'urarta, sannan ta kara kunne. Ta ce yana juyawa lafiya, ba ya ƙwas-ƙwas, kuma wannan albishir ne. Can sai kwamfuta ta gan shi, ta fito da tambaya ko a yi masa fomat. Jabir ya ga alamar rai, ya miƙa yatsa zai danna. Bernadette ta buge hannun.

"Oga, kar ka taɓa! In ka danna, zai share komai ya ba ka akwati fanko. Zauna a kan hannunka."

Ya kuwa zauna a kan hannayensa, dattijo mai furfura, ni kuma na samu damar yin dariyar da na haɗiye.

Ta bayyana mana cewa ɗaukewar wutar ce ta hargitsa jerin da ke nuna inda kowane fayil yake, amma su fayilolin suna nan. Ta fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani, don kada a yi ta wahalar da mara lafiya, sannan ta saki manhajar da ke tono su. Muka je muka yi azahar, muka ci masa, muka dawo.

Hotunan sun fito, sai dai sunayensu sun ɓace, lambobi kawai. Bernadette ta fara ba shi haƙuri, shi kuwa ya ja kujera. Tana buɗewa yana kira: "Layin Dogo. Tafkin Bukuru. Wannan na limamin Nasarawa Gwom ne, shi da ba ya son ado ya yi yawa." Tana rubutawa tana dariya, har maƙwabtan shagon suka leƙo kallo. Ta kwafe masa su wuri biyu, ta ce ɗaya ya zauna a gida wajen madam, nesa da butar mai.

Hoto ɗaya ne ya fito rabi, ƙasansa duk toka-toka. Bernadette ta gwada sau biyu, ta ce wannan kam ya tafi. Jabir ya ƙura wa hoton ido. Zanen rigar aurensa ne, na ƙarshe da Kawu ya yi kafin idonsa ya raunana. A nan ya gaya mana abin da ban taɓa sani ba. Tun yana saurayi ya daina zane da hannu, saboda duk wanda ya yi sai Kawu ya duba ya ce ya karkace.

Ya laluba aljihu ya ciro allin tela, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburin. Ya kwaikwayi rabin da ke kan allon kwamfuta, da ya zo inda hoton ya yanke kuma bai tsaya ba. Hannun ya ci gaba da lanƙwasa da kansa har zanen ya rufe. Bernadette ta ɗauki kwalin ta kara da allon, layi ya hau layi.

Jabir ya daɗe yana kallonsa, yana murmushi ido cike da ƙwalla. Sannan ya ce a hankali, "Baba, duba. Bai karkace ba."