Direban Alƙali

Har gobe ban manta da ranar da na je gidan Alƙali Ladan karo na uku ba. Ba sunansa na gaskiya ba ne, na sakaya shi, za ku ji dalili.

Lokacin ina wata na biyar a kamfaninmu na gyaran kwamfuta. Ƙa'idar wurin, sabon ma'aikaci yakan yi wata shida na gwaji kafin a tabbatar da shi. Kowane aiki yana da takarda: ka rubuta abin da mai kaya ya ce, abin da ka gano, da abin da ka yi, sannan mai kaya ya sa hannu. In aiki ɗaya ya dawo sau uku, shugaban sashe ya karɓe shi, kai kuma a sa maka jan biro. Mai jan biro ba ya ganin wata na bakwai.

Alƙali Ladan dattijo ne da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Minanata. Ɗansa ya tafi karatu waje ya bar masa wata ƙatuwar kwamfuta ta tebur, ta yi watanni a rufe kafin ya fara taɓa ta. Ƙararsa gajeriya ce: yana cikin muhimmin aiki sai allo ya yi baƙi, na'ura ta mutu.

Zuwan farko na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi wane irin aiki ne.

"Rubuce-rubuce," ya ce, yana gyara rawani. "Tarihin shari'un da munka yi."

Na zauna na yi ta buga rubutu har awa biyu. Ko tari kwamfutar ba ta yi ba. Zuwa na biyu na cire ma'adanar aiki, wadda muke kira ram, na goge na mayar, na gwada akwatin wuta, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau. Bayan kwana biyu ya sake bugo waya.

Shugaban sashenmu, Malam Sahabi, ya kira ni ofis. "Nasiru, wanga shi na na ukku. Ka san doka. Ko ka gyara ta yau, ko in ɗauko biro."

Na hau babur cikin zafin watan Afrilu, irin wanda ko ƙadangare ba ya tsallaka titi. Ina tafe ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata a Ƙofar Kware, wadda ta riga ta sanar da duk unguwa cewa ɗanta injiniya ne.

Abu ɗaya ya rage ban bincika sosai ba, katin hoto. Ga waɗanda ba su sani ba, shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ke motsi a allo. In rubutu kake yi, barci yake, ko fankokinsa ba sa juyawa. Sai an ɗora masa wasa ko wani babban aikin zane yake tashi ya yi gumi. Shi ya sa ban zarge shi ba, don mai rubuta tarihi ba ya tashin katin hoto. Amma akwai wata ƙaramar manhaja da ke sarrafa katin, sunanta a wajenmu direba, kuma takan lalace. Don haka na ce, ina kallon allo:

"Allah gafarta Malam, ina jin matsalar direba ce. Sai dai mu canza shi."

Sai na ji sandar Alƙali ta bugi ƙasa.

"Direba ba shi da laihi! Kwana ashirin ko akuya ban buge ba!"

Na juyo na dube shi. Ya dubi silin. Na dubi silin ni ma, don ban san inda ya dace in duba ba.

Can ya yi gyaran murya. "Tashi ka ruhe ƙohwa."

Na rufe. Ya miƙa hannu bayan wasu manyan littattafai masu jan bango, ya jawo sitiyari. Sitiyari sosai, na roba, da wayarsa. Daga ƙarƙashin kujera ya turo totur da birki da ƙafa.

"Cikin kwalin yaron nis same su," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wasan tuƙin tirela ne. Kaya nika ɗauka daga gari zuwa gari. Akwai wani tudu, duk sadda niz zo tsakiyarshi sai ta mace. Sau goma sha ɗaya. Mai kaya na can shina jira."

Na ciji leɓe don danne dariya har na ji gishiri. Mutumin da aka ce in ya ɗaga gira lauyoyi kan manta sunayensu, ga shi yana damuwa da mai kayan da babu shi a duniya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a tuƙa in gani."

Na buɗe gefen akwatin kwamfutar, na kunna manhajar auna zafi. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ba da sigina kafin ya hau titi, alhali babu kowa a bayansa. Ni kuwa idona na kan lamba. Sittin. Saba'in da biyar. Tirela ta kama tudu, lamba ta wuce casa'in. Na kwanta rub da ciki na haska ƙasan katin, inda fankoki biyu suke kallon ƙasa. Ɗaya tana gudu kamar za ta tashi sama. Ɗayar tana rawar jiki kawai. Allo ya yi baƙi.

"Ka gani ko!" ya ce. "Nan ne!"

Na kashe wuta na ciro katin. Tsakanin fukafukan fankar akwai gidan zanzaro, gini na laka mai ɗaki uku, ya bushe ƙamas. Watannin da na'urar ta yi a ajiye ne ya samu fili ya yi gini. Katin kuwa in zafi ya kai masa wuya, kashe kansa yake don kada ya ƙone.

Alƙali ya ɗora tabarau ya duba. "Ya yi gini ba izini," ya ce. "A rushe."

Na rushe. Na goge fanka, na kankare tsohon man da ke tsakanin katin da ƙarfen sanyaya shi, na shafa sabo, na mayar. Ya sake hawa. Lamba ta tsaya a saba'in. Tirela ta haye tudu ta gangara, ta shiga wani gari mai fitilu. Da ya ja birki a wurin sauke kaya, sai ya daɗe bai saki sitiyarin ba.

"Tun ina ɗan shekara tara nika son tuƙin babbar mota," ya ce. "Mahaihina malami ne. Yac ce gidanmu ba a aikin tashar mota. Nib bi maganatai, kuma ban yi nadama ba. Amma ka ga yau na kai kaya."

Dariyar da nake ta dannewa sai na neme ta na rasa.

Saura takarda. A gurbin abin da mai kaya yake yi lokacin da matsala ta faru, na tsaya da biro. Ƙarya a takarda laifin kora ce, gaskiya kuma tonon asiri. Na rubuta: aiki mai nauyi. Ya karanta sau biyu, irin karatun masu hukunci.

"Babu ƙarya ciki," ya ce. "Siminti ne, buhu ɗari shida." Ya sa hannu.

Abin da na koya a ranar shi ne, na'ura ba ta jin kunya, mai ita ne ke ji. Rabin gyara yana cikin abin da mutum bai faɗa ba, kuma ba zai faɗa ba sai ya tabbata ba za ka yi masa dariya ko ka kai shi gaba ba. Saboda haka ku sababbin ma'aikata da ke ƙarƙashina yanzu, in kun ga na ja kujera ina hira da mai kaya ban ko taɓa jakar aiki ba, kada ku ce Oga ya fara lalaci. Na riga na fara gyaran.