Ranar Bita Muna Bayan Ofis

Shekarar da nike aiki a wani ofishin sayen albasa a Aliero, anka turo wata malama daga Birnin Kebbi ta yi muna bita kan cin zarafin mata a wurin aiki. Mu mata huɗu ne a ofishin, kuma a al'adar wurin, duk taron da anka yi mu ke girki. Saboda haka maza sunka cika kujeru gaban majigi, mu kuwa oga ya tura mu bayan ofis da tukunyar dafa-duka da kwandon albasa.

Ta taga muke tsintar darasin. Duk tambayar da malama ta yi, ma'ajinmu ke fara ɗaga hannu. Shi ne mutumin da bai taɓa karɓar biro hannun mace ba sai ya haɗa da yatsunta. Amma da ya ba malama amsa, har tafi anka yi mai.

Da malama ta fito shan iska, ta iske mu hawaye shaɓe-shaɓe. Ta dafa kafaɗata, ta ce, "Ƙanwata, ki daure ki faɗi mini wanda ya sa ki kuka."

Na nuna mata albasa, munka kwashe da dariya.

Da anka tashi, maza kaɗai anka ba takardar shaida, tunda su sunka zauna. Ma'aji ya iso da tasa ƙarƙashin hammata, ya miƙo hannu karɓar faranti. Na aje farantin ƙasa, na ce, "Malam, duƙa ka ɗauka. Mu ma mun ji darasin, ta taga."