Kwalbar Bayan Randa

Yayana ne ya kawo kwalbar daga Legas, jan ruwan inabi na ƙasar Sifen, a shekarar da rashin tsaro ya raba mu da gonarmu ta wajen Mashegu, muka tare a Kontagora. Ya ce wa Baba, "Sabon zubi ne, bai kwanta a gangar katako ba. A tsoma kwalbar a randa ta ɗan yi sanyi, a sha da gasasshen nama tun kafin bikin Ista."

Baba ya ƙi. Mutumin da ya san ba a ajiye burkutu, sai ga shi ya kafe wai giyar Turawa sai ta tsufa take daɗi. Ya ce ba za a buɗe ta ba sai ranar da muka koma gona. Damina ta yi ta wucewa, kwalba na bayan randa, ni kuwa ganinta kawai ɓata min rai yake.

Da muka dawo daga binne Baba na buɗe ta. Na kurɓa, tsami kamar jiƙon tsamiya. Inna ta karɓe, ta toshe bakin da tsumma.

Ta ce, "Mayar da ita. Ai ba mu koma ba tukuna."