Sunan Ɗan Fari a Gidan Zu

Daura

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni da yarana uku da Yaya Hajara, yayar maigidana. Sau biyu na kwance ƙunshin dambu na sake ɗaurewa, don kada mai ya ɓata kayan sallar yara. Maigida bai samu zuwa ba, zai tafi kasuwar Mai'adua. A bakin ƙofa ya ce, "Uku na ba ki, uku za ki dawo min da su." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna min a ƙirji.

Ƙananan biyu kullum suna jikina. Babban nake ji, ɗan farina mai shekara tara. A Sandamu ya tashi, wajen kakarsa Hajiya, hutun sallah ne ya kawo shi. Yadda muka taso muka gani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan".

Kazaure da Ɗambatta

Tun kafin Kazaure na fara roƙon direba. "Malam, a yi a hankali, da yara."

"Hajiya, in na rage fiye da haka, sai dai mu sauka mu tura."

A wani shinge jami'i ya leƙo ya ce, "Ina zuwa da rundunar nan?" Auta Maryam ta ce, "Wajen zaki!" Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. A Ɗambatta muka sayi ƙosai mai zafi, na hana su shan ruwan kowa sai na gorarmu.

Kano

Da hantsi mai adaidaita sahu ya sauke mu a ƙofar gidan zu, mutane kamar filin idi. Ƙananan suka riƙe hijabina, babban ya bi gwaggonsa. Muka ga jimina da kada. Zakin yana kwance, yara na ta yi masa ihu, ko kunne bai kaɗa ba. Har tausayi ya ba ni.

A wajen birai takalmin Maryam ya cire. Na sunkuya na sa mata, na ɗago, sai ga Yaya Hajara ita kaɗai.

"Yaya, ina yaron nan?"

"Ba yana wajenki ba?"

Ta yi gabas tana nema, na yi yamma ina jan ƙananan. Na tuna ramin kada, na ƙara sauri. Ina ta cewa, "Kai! Kai!" Yaran mutane suna waiwayowa, babu nawa.

Wani dattijo mai aiki a wurin ya tare ni. "Baiwar Allah, kowa a nan kai ne. Mene ne sunansa?"

Na waiga ko Yaya za ta faɗa a madadina, ba ta kusa. Sai kawai na rufe ido na ɗaga murya: "Nura! Nura!"

Can ya ɓullo daga wajen raƙumin dawa, yana dube-duben wanda ya kira shi. Da ya gane ni ce, sai ya tsaya cak.

"Inna, ke kika kira ni?"

Na kama hannunsa gam. Yaya ta iso tana haki. "To! Yau an ajiye kunya a gaban birai. Sai na faɗa wa Hajiya a Sandamu."

"Ki faɗa mata, Yaya."

Komawa

Bayan la'asar muka kamo hanya. Tun kafin Ɗambatta barci ya kwashe shi, kansa ya faɗo a kafaɗata. Yaya ta kalle ni, ta mai da ido ga taga. Ban ture shi ba.

Ana kiran magariba muka shiga Daura lafiya. Na gode wa Allah, dattijon nan kuma Allah ya saka masa da alheri. A zaure yaron ya ja hijabina, ya ce a hankali, "Inna, ki ƙara faɗa."

Na duba, babu kowa. Na ce, "Wuce ka yi alwala, Nura."