Muryata za ta hau jirgi

Anti admin, don Allah ki ɓoye sunana. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ki rubuta min.

Ina shayar da jaririna, ko arba'in ba mu yi ba, sai ga Yaya Rabi, 'yar yayar Innata mai aikin rediyo, ta zo garinmu Gude yi min barka. Wai akwai masu ɗaukar nauyin karatu a ƙasar waje, karatun bin diddigin abin da ke damun mata. Amma sai ta tura musu labari ɗaya kafin su zaɓe ta. Labarin haihuwata take so ta naɗa.

Haihuwar fari ce. Kunya ta sa na yini ina naƙuda a ɗaki, na cije zani, ban gaya wa kowa ba. Sai da jini ya ɓalle aka kwashe ni zuwa asibiti.

Na ce, "Yaya, in surukata ta ji na tona wannan fa?"

Ta ce, "Ke matsoraciya! Zan sauya miki suna. Muryar ma ana sauyawa."

Sai na hango a raina muryata a jirgi, tana leƙen gajimare ta taga, ni da ban taɓa wuce Kano ba. Ta sauka a wani aji, mata sun yi tsit suna saurarena.

Na ce, "Sauya sunan. Muryar ki bar min ita."

Mata, akwai wadda ta taɓa cije zani irina?